Kasuwar Gidaje ta Kwanta a Dutse: Nawa Ya Kamata Mu Taya?

Tun daga shekarar 2023 maganar gida ta shiga cikin manyan batutuwan da ake kawowa gaban dattawan ikkilisiya a Dutse da kewayenta. Wani ya karɓi kuɗin sallama bayan shekara 35 yana aikin gwamnati, yana so ya fita daga haya kafin kuɗin su narke a hannunsa. Wani kuma gida gare shi a Yalwawa ko Takur, larura ta sa ya miƙa shi ga dillalai, wata da watanni ba a yi masa tayin kirki ba. Ba abin mamaki ba ne a tarar da mutanen nan biyu a benci ɗaya ran Lahadi. Saboda haka muka ga ya dace mu duba al'amarin a wannan shafi, domin idan kasuwa ta kwanta ƙarfi yakan koma hannun mai saye, kuma tilas ne mai bin Kristi ya san yadda zai yi da ƙarfi in ya zo hannunsa.

Faɗuwar da ido ba ya gani

Wani mai karatu zai ce, wace faɗuwa ake magana a kai alhali kullum kuɗin gida ƙaruwa yake yi? Gaskiya ne, in naira za a ƙirga, gidan da aka yi wa kuɗi miliyan 6 a farkon 2023 yau za a ce miliyan 8 ko fiye. To amma nairar ce ba ita ba ce. A ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata daraja. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. Buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya wuce naira 10,000 a wurare da dama cikin shekara guda.

Bari mu auna da siminti, tun da shi ne ma'aunin da magini ya sani. A ce buhu naira 5,000 ne, gidan miliyan 6 ya tashi buhu 1,200. A ce yanzu buhu naira 10,000 ne, an kuma sayar da gidan miliyan 8, mai gida ya tashi da kuɗin buhu 800 kacal. A baki ya ci ribar miliyan 2, a aljihu kuwa ya yi asarar kashi ɗaya cikin uku, kuma abin da ya karɓa ba zai gina masa irin gidan da ya saki ba. Irin faɗuwar da kasuwarmu ta yi ke nan. Alamarta ta biyu ita ce jira: mai gida ya faɗi kuɗi, masu kallo su yi ta zuwa, masu tayi su yi ƙaranci.

Ina masu sayen suka tafi?

Dutse garin ma'aikata ne. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yuli na 2024, amma abinci da kuɗin mota da kuɗin makaranta sun riga sun cinye ƙarin tun kafin ya iso, don haka adashin da ma'aikaci ke tarawa ya sayi fuloti ya koma tukunya. Bashin banki kuma ya fi ƙarfin talaka, domin Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin ruwa har zuwa kashi 27.5 cikin 100 a watan Nuwamba na 2024, wanda ya sa bankunan kasuwanci suka riƙa neman wajen kashi 30. Masu kuɗin da a da suke ɓoye dukiyarsu a ƙasa sun ga takardun bashin gwamnati na ba da fiye da kashi 20 a shekarar 2024 ba tare da wahalar 'yan haya ba, sai da yawa suka karkata can.

Har ila yau akwai manoma da 'yan kasuwar hatsi, waɗanda bisa al'ada sukan zuba ribar kaka a fili ko gida. A watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara da alkama da shinkafa da wake, kuma a cikin 2025 farashin hatsi ya karye ƙwarai. Mai saye a kasuwar Shuwarin ya ji daɗi, amma wanda ya noma da taki mai tsada, da wanda ya tara buhuna yana jiran tashi, sun ji a jikinsu. Wasunsu ma daga sahun masu saye suka koma sahun masu sayarwa.

Darasin da tarihin garin ya koya mana

Kafin mutum ya taya gida a Dutse ya kamata ya tuna cewa darajar ƙasa a nan ta daɗe tana bin ƙafar gwamnati. Ran 27 ga Agusta 1991 Janar Ibrahim Babangida ya cire Jigawa daga Jihar Kano, aka mai da Dutse babban birni, ma'aikata suka kwararo garin da ba shi da isassun ɗakuna, har wasu suka riƙa kwana a Kano suna zuwa aiki da safe. A zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka rarraba ma'aikatu zuwa wasu garuruwan jihar, hada-hadar Dutse ta ja baya. Da Sule Lamido ya hau a 2007 ya dawo da su, aka yi gine-gine, aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, aka buɗe filin jirgin sama a 2014, sai filaye suka yi tashin gwauron zabo. A 2022 kuwa, da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki na wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, masu ɗakunan hayar ɗalibai sun ɗanɗana kuɗarsu.

Ba mu kaɗai wannan ya taɓa samu ba. A Amurka a 2008 da shekarun da suka biyo baya miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu domin sun ci bashi bisa zaton farashi ba zai taɓa sauka ba. A ƙasar Sin babban kamfanin gine-gine na Evergrande ya kasa biyan bashinsa a 2021, wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a karkasa kadarorinsa a watan Janairu na 2024. Abin lura a nan shi ne, wanda zai sayi gida don ya zauna da iyalinsa shekara 20 ba shi da abin tsoro ƙwarai. Wanda zai ci bashi ya saya don ya juyar cikin shekara guda, shi ne yake wasa da wuta. Ba kuma wanda ya san ranar da kasuwa za ta kai ƙasa ta fara tashi, saboda haka mai jiran wannan rana yana iya tsufa a gidan haya.

Yadda za a auna tayi

Ciniki a ƙasar Hausa yana da tsarinsa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, har a kai inda zai ce ya sallama. Ba laifi a cikin wannan. Abin da muke so 'yan'uwa su gane shi ne tayi mai kyau daga lissafi yake fitowa, kuma ma'auni uku ne za su taimaka.

Na farko, kuɗin da aka biya a gidajen da aka riga aka sayar a unguwar cikin 'yan watannin nan. Kuɗin da mai gida ya faɗa buri ne kawai, wanda aka ƙirga aka miƙa shi ne farashi. Mai unguwa da maƙwabta da dillalai biyu ko uku da ba su san juna ba za su iya gaya wa mutum wannan.

Na biyu, kuɗin gina irinsa a yau. A ɗauki birkila amintacce da kafinta a biya su ladan yini, su ƙiyasta kuɗin fili da bulo da rodi da kwano, sa'an nan a cire kuɗin gyara. Su duba tsagewar bango, da gara a katakon rufi, da masai, da inda ruwan sha yake fitowa. Dutse garin duwatsu ne, in an yi ruwan sama gangarowa yake yi da ƙarfi, saboda haka gidan da aka gani da rani a tambayi maƙwabta yadda yake kwana a watan Agusta. Ambaliyar 2022 da ta yi ɓarna a Haɗeja da Ringim da wasu sassan jihar ta isa ta koya mana cewa araha ba ta ado.

Na uku, haya. A ce gidan zai ba da hayar naira 400,000 a shekara, ana kuma neman miliyan 8, to hayar shekara 20 ke nan. Mai saye ya tambayi kansa ko shekarun sun yi masa daidai da ƙarfinsa da shekarunsa na haihuwa. Kada kuma ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a bango ya bar iyali ba na cefane ba na asibiti. Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 cikin 100 na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda dokar 1992 ta kafa, yana da damar neman rance ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa kashi 6, a biya har shekara 30. Sai dai hanyar tana ɗaukar lokaci, tana kuma bukatar cikakkun takardu, don haka ya gaya wa mai gida gaskiya tun farko in da wannan ya dogara.

Takarda kafin kuɗi

Lokacin matsi shi ne kakar 'yan damfara. Shi ya sa a biranenmu ake ganin bangon da aka rubuta wa gargaɗi cewa gidan ba na sayarwa ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce mai satifiket ɗin mallaka ba zai mayar da haƙƙinsa ga wani ba sai da amincewar gwamna. Saboda haka takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu tana da amfani, amma ita kaɗai ba ta isa ba. A je ma'aikatar filaye da lauya a bincika sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da gidan a banki, ko yana kan hanyar da aka zana za a yi titi.

In gidan gado ne, a ƙara hattara. A tsarin shari'ar Musulunci gidan mamaci haƙƙin magada ne duka, maza da mata, kuma wanda yake da rabo a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato shi ya fi cancanta ya sayi kason ɗan'uwansa kafin bare. Babban ɗa shi kaɗai ba zai sayar ba. A nemi takardar rabon gado daga kotu da sa hannun kowa. A gidajen Kirista ma kada a yi ciniki a bayan gwauruwa da marayu.

A daidaita la'adar dillali tun kafin a fara, a rubuta kafin alƙalami da ranar cika sauran kuɗi, a kuma biya ta banki. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 sai ta hanyar banki. Bugu da ƙari, a faɗi gaskiyar abin da za a yi da gidan. A watan Janairu na 2017 hukumomin jihar suka rushe majami'u biyu a Dutse bisa dalilin cewa an gina su ba da izini ba, shugabannin Kirista suka yi kuka da matakin. Neman haƙƙinmu na wurin sujada abu ne da za mu ci gaba da yi a fili ta hannun shugabanninmu. Amma wanda ya sayi gida da sunan zama ya mai da shi majami'a a ɓoye, ya jefa kuɗin jama'a cikin hatsari, ya kuma ɓata hanya ga ɗan'uwan da zai zo neman gida a unguwar gobe.

Ina ciniki ya tsaya, ina zalunci ya fara?

Yanzu mun zo ga zuciyar maganar. A kasuwar da ta kwanta, masu wadata ba sa sayarwa, rufe gidansu suke yi su jira. Masu sayarwa su ne wanda aka rubuta wa matarsa aikin tiyata a Kano, da wanda bashin taki ya shaƙe, da gwauruwar da ke son komawa garinsu, da uban da aka ƙara wa 'ya'yansa kuɗin jami'a. Dillali zai raɗa wa mai saye cewa mutumin nan a matse yake, ko rabi aka ba shi zai karɓa. Masu iya magana sun ce faɗuwar wani tashin wani. Tambayar ita ce ko ya halatta mai bi ya tashi ta wannan hanya.

Mu Kiristocin Arewa mun san zafin abin. Bayan rikicin Kaduna na Fabrairu da Mayu 2000, iyalai da yawa sun saki gidajen da suka yi shekaru suna ginawa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, Kirista suka ƙaura kudancin kogi wajen su Sabon Tasha da Narayi, Musulmi su ma suka saki nasu suka koma arewacinsa. Haka aka yi a Jos bayan 2001. Waɗanda suka saya a lokacin sun riƙe takardu cikakku, ba kotun da za ta kama su, amma waɗanda suka sayar ba su manta ba har yau. Wanda ya san wannan ciwo bai kamata ya ɗora wa wani irinsa ba, ko mai gidan na ikkilisiyarmu ne ko maƙwabcinmu Musulmi.

Littafi Mai Tsarki bai hana ragi ba. A Littafin Firistoci sura 25 an umarci Isra'ilawa su yi wa gona kuɗi bisa yawan shekarun girbin da suka rage kafin shekarar 'yanci, in shekarun kaɗan ne kuɗin ya ragu, aka kuma haɗa wannan da gargaɗin kada kowa ya cuci ɗan'uwansa. Wato amfanin kadara ne yake yanke farashi, halin da mai ita yake ciki ba ya shiga lissafi. Karin Magana sura 20 kuma ta tona asirin mai sayen da ke kushe kaya a gaban mai shi, in ya bar wurin ya yi ta fahariya da arahar da ya samu.

Mu dubi mutum biyu. A Farawa sura 23, sa'ad da Saratu ta rasu, Ibrahim baƙo ne a tsakanin Hittiyawa. An yi masa tayin kogon Makfela kyauta, ya ƙi, ya auna wa Efron shekel 400 na azurfa a gaban mutanen gari, domin kada wani ya tashi gobe da wata magana. A Irmiya sura 32 kuwa, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabin kansa yana tsare, ba kasuwar da ta taɓa faɗuwa kamar wannan. Duk da haka da ɗan'uwansa Hanamel ya kawo masa tallar gona a Anatot, ya auna masa shekel 17, ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya ba Baruk ya adana a tukunyar ƙasa don ta daɗe. Ya saya da bege cewa Allah zai komo da jama'arsa, ya kuma yi cinikin a tsabtace ko da yake gari na cikin ruɗani.

To ga inda muka ga iyakar take. Ragin da ya fito daga halin kasuwa, da kuɗin gyara, da rashin cikar takardu, da kuma biya nan take, halal ne, a nema ba kunya, a kuma faɗi dalilinsa a fili. Ragin da ya fito daga sanin cewa mai gida yana da mara lafiya a kwance, ko daga jan ƙafa da gangan har ranar biyan bashinsa ta matso, ko daga haɗa baki da dillali a kori sauran masu tayi, ko daga ƙirƙiro aibin da babu shi, wannan zalunci ne ko da an sa hannu a gaban shaidu goma. Haka nan shiga cinikin da wani ya riga ya ƙulla, wanda maƙwabtanmu Musulmi ma addininsu ya hana. Gwaji mai sauƙi shi ne mutum ya tambayi kansa: da ban san damuwar mai gidan nan ba, nawa zan taya? Abin da ya fito shi ne tayinsa. In ƙarfinsa bai kai ba, ya ce ga iyakar abin da nake da shi, ya bar mai gida ya nemi wani, kada ya ce gidan ne bai kai ba.

Abin da ya rage ga ikkilisiya

Akwai lauyoyi da safiyo da magina da ma'aikatan banki a cikin majami'unmu. Ya kamata kowace ikkilisiya ta haɗa 'yan kaɗan daga cikinsu su riƙa duba wa 'yan'uwa takardu da lissafi, mai saye da mai sayarwa duka. Zumuntar Mata, da yake su ne suka fi sanin gidan da ake kuka a ɓoye, su riƙa sanar da dattawa da wuri. Sau da yawa wanda zai saki gidan miliyan 8 bukatarsa ba ta wuce naira dubu 700 ba, kuma rance marar ruwa daga asusun taimako, ko saka ɗan haya a ɗaki biyu, zai iya tsare masa rufin asirinsa. Kada kuma limamai da dattawa su zama su ne masu sayen kadarar wanda ya kawo musu kukansa, domin asirin da aka faɗa don a yi addu'a ba na ciniki ba ne.

Kasuwa za ta sake tashi kamar yadda ta tashi bayan 2007, mai saye da mai sayarwa kuma za su ci gaba da haɗuwa a layi ɗaya, 'ya'yansu su tafi makaranta ɗaya. Mu taya abin da za mu iya faɗa a gaban jama'a ba tare da sunkuyar da kai ba. Ubangiji ya ba marasa gida nasu, ya kuma rufa wa masu shi asiri. Amin.